Noti Na Juyawa Ba Ya Kamawa: Me Ke Cinye Zare a Ƙaramin Inji, Kuma Yaya Ake Gyara Shi da Araha?

Duk wanda ya taɓa riƙe sufana ya san wannan lokacin. Kana ɗaure noti, yana ƙara tauri, sai ka ce bari dai in ƙara masa kaɗan. Nan take sai ka ji hannunka ya yi sakayau. Notin na juyawa, amma ba ya zuwa ko'ina. Idan ka zaro shi, sai ka tarar da wani siririn abu mai ƙyalli ya nannaɗe a jikinsa. Makanikai kan ce tiredi ya cinye, wasu su ce zare ya mutu.

Ƙarfen da ya gutsure ɗin ɗan ƙanƙani ne, amma ya isa ya tsayar da injin ban ruwa a tsakiyar noman rani, ko ya ajiye babur ɗin ɗan acaɓa, ko ya kashe janaretan mai aski ranar kasuwa. Sau da yawa kuma amsar da ake ba mai inji ita ce, "Sai dai a canza kan silinda," ko "Sai an sayo wani jikin inji." Wani lokacin gaskiya ne. Amma a mafi yawan lokuta akwai gyaran da bai kai wannan kuɗin ba, kuma yana iya fin na asali ƙarfi.

Abin da za mu riƙe a wannan rubutu guda ɗaya ne: ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa. Duk gyaran da zai ɗore, hanya ce ta kai noti ga lafiyayyen ƙarfe, ko dai a can ƙasan ramin, ko a gefensa, ko a bayansa. Idan ka fahimci dalilin haka, za ka iya zaɓar gyaran da ya dace da kanka, ko aƙalla ka san abin da za ka tambayi makanikinka.

Don kada mu rikice: idan muka ce "noti" muna nufin namijin, wato mai kai da dogon jiki. Wanda ake ɗaura masa daga baya za mu kira shi "macen noti". "Zare" kuwa shi ne haƙoran nan da suka kewaye jikin noti da cikin rami.

Zare katako ne da aka naɗe

Ka tuna yadda ake loda babur a bayan mota. Mutum ɗaya ba zai iya ɗaga shi cak ba, amma idan aka jingina dogon katako, sai ya tura shi sama a hankali. Tafiyar ta ƙaru, wahalar ta ragu. To zaren noti wannan katakon ne, aka naɗe shi a jikin sandar ƙarfe.

Ɗauki notin da ya fi yawa a ƙananan injuna, wanda ake kira M6, wato wanda sufana mai lamba 10 ko 8 ke kamawa. Kaurinsa milimita 6 ne, kuma duk juyi ɗaya yana shiga milimita 1 kacal. Idan sufanarka ta kai tsawon santimita 20, hannunka zai yi tafiyar kusan mita ɗaya da kwata kafin notin ya matsa wannan milimita ɗayan. Ka ga irin tsawon katakon kenan.

Gogayya na cinye mafi yawan ƙarfin. A lissafin da injiniyoyi suka saba amfani da shi, kusan rabin ƙarfin da ka sa yana ƙarewa a gogayyar ƙarƙashin kan noti, kusan kashi 40 cikin 100 a gogayyar zare, kashi 10 ne kawai ke yin aikin matsewa. Duk da haka abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Ana auna ƙarfin murɗawa da ma'aunin da ake rubutawa Nm, kuma M6 yakan buƙaci kusan Nm 10. Da sufana mai santimita 20, wannan daidai yake da jan kilo 5, kamar ɗaga galan ɗin ruwa mai lita biyar. Amma a cikin ramin, wannan ɗan jan ya zama matsin da ya kai kusan kilo 850. Buhunan siminti 17 kenan, a rataye a jikin haƙoran da zurfinsu bai wuce rabin milimita da kaɗan ba.

Yanzu ka yi tunanin ƙato ya dafe sufanar da ƙarfinsa, ya ja kilo 20. Ya ninka abin da ake buƙata sau huɗu. Dole wani abu ya karye, kuma a ƙaramin inji an riga an san wanda zai fara.

Me ya sa ramin ke mutuwa, notin ya tsira?

Duba kan noti mai kyau, sau da yawa za ka ga an buga lamba 8.8. Ma'anarta, kowace murabba'in milimita ta ƙarfen tana iya ɗaukar kusan kilo 80 kafin ta tsinke. Jikin injin da kan silinda kuwa da alminiyam aka zuba su, saboda ba shi da nauyi kuma yana fitar da zafi da sauri, abin da injin da iska ke sanyaya shi ke matuƙar buƙata. Sai dai alminiyam ɗin da ake zubawa ƙarfinsa bai fi kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfen notin ba. Idan aka yi kokawa tsakaninsu, haƙoran noti ne ke yanke haƙoran rami kamar almakashi. Siririn abin nan mai ƙyalli da ka gani a jikin noti, zaren ramin ne gaba ɗayansa aka tsige.

Akwai kuma wani abin mamaki. Haƙoran ba sa raba kaya daidai. Tun a 1902 masanin nan na Rasha, Nikolai Zhukovsky, ya lissafa cewa haƙori na farko shi kaɗai yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan nauyin. Na biyu ya ɗauki ƙasa da kwata, na uku ƙasa da haka, har waɗanda ke can ƙasa su zama kusan 'yan rakiya. Dalili shi ne noti yana miƙewa kamar roba idan an ɗaure shi, kuma miƙewar ta fi yawa a bakin ramin.

Alminiyam yana da ɗan sassauci a nan: idan haƙorin farko ya ji nauyi yakan ɗan lanƙwashe, ya miƙa wa na baya wani kaso. Shi ya sa ake son noti ya shiga cikin alminiyam da zurfin da ya kai kaurinsa sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu. Ga M6, milimita 9 zuwa 12 kenan. Amma idan nauyin ya wuce kima, na farko ya yanke, na biyu ya gaji kayansa, shi ma ya yanke, a haka har ƙasa. Wannan ne sakayau ɗin da hannunka ke ji.

Abubuwan da ke kai zare ga halaka

Ƙarfin hannu shi ne na farko, mun riga mun gani. Sauran su ne:

- Mai a jikin zare. Baƙin mai ko giris na rage gogayya, don haka jan da ka saba yi zai iya ƙara matsin da kusan kashi ɗaya cikin uku ba tare da ka ji bambanci a hannu ba.
- Shiga a karkace. Idan noti ya fara a gicciye aka bi shi da sufana, sabuwar hanya yake yankawa a kan tsohuwar, ya lalata duka biyun.
- Notin da ba nasa ba. M10 yana zuwa da tazarar zare 1.5, da 1.25, da 1.0. A ido duk ɗaya suke. Ga kuma notunan ma'aunin inci da suka yi kusa da na milimita. Tun 1841 Joseph Whitworth ya fara ƙoƙarin daidaita zare a Ingila, amma har yau gwangwanin notunan gareji cike yake da nau'i daban-daban. Notin da ba nasa ba yakan shiga juyi biyu lafiya, sannan ya cije.
- Gajeren noti. Idan aka musanya notuna wajen haɗa inji, gajere ya faɗa ramin dogo, haƙora uku ko huɗu ne za su ɗauki kayan goma.
- Zafi. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, kuma yana ƙara laushi idan ya yi zafi. Kwance fulogi ko notin salansa inji na tururi hanya ce ta tsige zare.
- Danshi. Ƙarfe da alminiyam idan suka haɗu da ruwa, sukan zama kamar ƙaramin batir, alminiyam ɗin ne kuma ke cinyewa. Farin garin nan da ake gani a notunan injin ban ruwa da ya shekara a fadama, shi ne shaidar.

Tambayoyi uku kafin ka taɓa komai

Ta farko: wane ne ya mutu, notin ko ramin? Samo sabon noti irinsa ka gwada da yatsu. Wani lokaci notin ne mai arha, zarensa ya baje, ramin kuwa lafiya lau.

Ta biyu: zaren ya tsige ne ko ya toshe? Haska cikin ramin. Idan haƙoran na nan, datti ne ko ɗan lanƙwasa a baki, ba ka buƙatar yanka komai. Ɗauki lafiyayyen noti mai ƙarfi, ka tsaga masa layi biyu ko uku a tsaye da zarton ƙarfe, ka shafa masa mai, ka riƙa shigar da shi kana fitarwa a hankali. Tsagin zai kwaso dattin ba tare da ya rage ƙarfen ramin ba. Wannan gyaran kyauta ne.

Ta uku, wadda ta fi muhimmanci: me notin yake riƙewa? Notin murfin fanka daban, notin kan silinda daban. Na farko gwangwani kawai yake hana wa kaɗawa. Na biyu yana danne wutar da ke fashewa a cikin silinda. A injin da ke juyi 3,600 a minti, sau 30 kenan a kowace daƙiƙa. A injin Honda GX160, wanda yawancin injunan ban ruwa da janaretocin kasuwa suka kwaikwayi ƙirarsa, notunan kan silinda M8 ne, ana ɗaure su a Nm 24, wato kowanne na danne kusan tan ɗaya da rabi. Amsar wannan tambayar ce za ta gaya maka gyaran da za ka iya amincewa da shi.

Hanya ta ɗaya: nemi ƙarfe a ƙasa

Masu ƙera inji sukan yanka zare ya zarce inda notin ke tsayawa. Tura tsinke ko waya cikin ramin, ka auna zurfinsa, ka kwatanta da iyakar inda tsohon notin ke kaiwa. Idan akwai ragowar lafiyayyen zare da ya kai kaurin notin ko fiye, noti mai ɗan tsawo zai kama.

Hattara da abu ɗaya: kada notin ya taɓo ƙasan ramin. Idan ya taɓo, za ka ji ya yi tauri alhali bai danne komai ba, kuma ƙarin juyi ɗaya na iya fasa jikin injin. Bar masa sarari kamar milimita 2. Idan kuma ramin ya ɓulle ciki, ka tabbata ƙarin tsawon ba zai taɓa wani abu mai juyawa ba.

Wanda ya fi wannan kyau shi ne noti marar kai, mai zare a ɓangarorin biyu. Ka shigar da shi da hannu har ƙarshen lafiyayyen zaren, tare da ɗigon gam ɗin riƙe zare irin Loctite, sannan ka ɗaure daga sama da macen noti. Daga ranar duk ɗaurewa da kwancewa tsakanin ƙarfe da ƙarfe za a riƙa yi, alminiyam ɗin ya huta. Wurin da ake yawan kwancewa, kamar bakin kafireta da salansa, wannan ne ya fi dacewa da shi.

Hanya ta biyu: nemi ƙarfe a baya

Idan ramin yana jikin wani kunne ne da hannu ke kaiwa bayansa, kamar mazaunin tanki ko ƙafar inji, to magana ta ƙare. Zura dogon noti ya ɓulle, ka sa wosha da macen noti. Zaren ramin bai da sauran aiki. Amma kada ka huda ramin da bai ɓulle ba don ka samu wannan sauƙin, sai ka san abin da ke bayansa. Wataƙila baƙin mai ne.

Hanya ta uku: nemi ƙarfe a gefe

A nan ne ake faɗaɗa ramin a yanka sabon zare da abin da makanikai ke kira taf, wato wani noti mai tauri da kaifi. Ƙa'idar girman hudar mai sauƙi ce: cire tazarar zare daga kaurin noti. M8 mai tazara 1.25 na buƙatar huda 6.8. M10 mai tazara 1.5 na buƙatar 8.5.

Ga wata dabara. Ramin M6 da ya cinye ya riga ya zama kusan milimita 6, wanda shi ne daidai hudar M7 mai tazara 1.0. Ba sai ka huda ba, taf kawai za ka bi da shi. Matsalar ita ce M7 ba ya samuwa ko'ina, shi ya sa aka fi tsallakawa zuwa M8. Haka nan ramin M8 da ya cinye ya yi daidai da taf ɗin inci mai girman 3/8 da haƙora 16.

Ribar faɗaɗawa a fili take: da'irar M8 ta fi ta M6 da kashi ɗaya cikin uku, don haka alminiyam ɗin da ke riƙe shi ma ya ƙaru. Illolinsa uku ne. Dole naman da ke kewaye da ramin ya zama da kauri, in ba haka ba ya tsage. Dole a faɗaɗa hudar murfin da notin ke ratsawa. Sannan ka bar wa makanikin gaba tarko, domin noti ɗaya ya bambanta da 'yan uwansa. Ka yi masa alama da fenti.

Hanya ta huɗu: sa wa ramin riga

Wannan ita ce ta fi kowacce inganci. Ana faɗaɗa ramin kaɗan, a yanka zare, sannan a murɗa wata waya mai kama da sifirin a ciki. An fi saninta da sunan Heli-Coil. An ƙirƙiro ta a Amurka a ƙarshen shekarun 1930 domin injunan jiragen sama masu sassan alminiyam. Wayar ƙarfe ce marar tsatsa, mai kusurwa huɗu: kusurwar waje ta zauna a cikin sabon zaren, ta ciki ta zama zaren da notinka na asali zai bi.

Me ya sa ta fi zaren asali ƙarfi? Na ɗaya, ga M6 bayan wayar ya kai kusan milimita 7.3, wato tana kama alminiyam mai faɗin da ya fi na da da kusan kashi 20 cikin 100. Na biyu, saboda tana ɗan motsawa kamar sifirin, tana taimakawa wajen raba nauyi ga haƙoran ƙasa, matsalar nan da Zhukovsky ya gano. Na uku, noti yanzu a kan ƙarfe yake gogawa.

Taf ɗinta na musamman ne, taf ɗin M7 ko M8 ba zai yi ba. Shi ya sa ake sayar da ita a saiti: bakin huda, taf, sandar murɗawa da wayoyin. Ga M6 hudar kusan 6.3 ce. Ana shigar da wayar ta nutse kwata zuwa rabin juyi ƙasa da bakin ramin, sannan a karye ɗan harshen da ke ƙasanta, a tabbata an fito da shi.

Saitin ne ke da tsada, wayoyin kuwa araha ne. Don rami ɗaya bai kamata ka sayi saiti ba; nemi mai shi a wuraren da ake aikin ƙarfe, irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Amma ga gareji, ko ƙungiyar manoman rani masu injuna iri ɗaya, saitin M6, M8 da na fulogi zai biya kuɗinsa da kan silinda ɗaya ko biyu da ya ceta.

Akwai kuma ƙanwarta, wadda bututun ƙarfe ce mai zare ciki da waje, irin Time-Sert. Ta fi tsada, amma ta fi jure yawan ɗaurewa da kwancewa. Mai injin sassaƙa ƙarfe ma zai iya fitar maka da irinta daga babban noti.

Yadda ake yankan, kada a ƙara ɓarna

Ko faɗaɗawa za ka yi ko riga za ka sa, aikin hannun ɗaya ne, kuma abin da ya fi lalata shi karkata ce.

1. Juye fetur, cire hular fulogi, ka bar inji ya huce.
2. Toshe duk wata kafa da ɓarɓashi zai iya faɗawa.
3. Naɗa salatif a jikin bakin huda daidai zurfin da kake so. Ƙarfen da za a cire kaɗan ne, kuma alminiyam na fizgar baki, don haka juya shi da hannu ya fi injin huda aminci.
4. Samu jagora. Guntun katako mai tauri ko ƙarfe da aka huda a miƙe, ka ɗora shi a bakin ramin, zai hana baki da taf karkacewa.
5. Jiƙa taf da kananzir, shi ne ya fi dacewa da alminiyam. Rabin juyi gaba, kwata baya, don ɓarɓashin ya karye. Bayan 'yan juyi ka fito da shi ka share.
6. Idan ya cije, ka tsaya. Taf yana da tauri sosai, idan ya karye a ciki ba ya huduwa, kuma ƙaramar matsala ta zama babba.
7. Busa ramin ka wanke shi, idonka a kare.

Wurare biyu masu buƙatar kulawa ta daban

*Ramin fulogi.* Fulogi ba tartsatsi kawai yake bayarwa ba, ta zarensa da mazauninsa yake mayar da zafinsa cikin kan silinda. Fulogin da ke rawa yana zubar da matsi, yana yin zafi fiye da kima, kuma yana iya tsalle ya fita inji na gudu. Don haka naɗa masa takardar sigari ko waya ba gyara ba ne. Injunan ƙirar GX na amfani da zare mai milimita 14 da tazara 1.25, babura da yawa kuma 12 ko 10. Bututu ya fi waya dacewa a nan, domin waya kan biyo fulogi ta fito. Tsawonsa dole ya yi daidai da tsawon zaren fulogin; idan ya leƙa cikin silinda zai yi ja, ya riƙa kunna mai kafin lokaci.

Abin da ya fi shi ne a cire kan silinda a yi aikin a kan tebur. Idan ba hali, a juya inji har bawul biyun su rufe, fistin kuma ya sauka, a cika tsagin taf da giris don ɓarɓashin ya manne, a riƙa fitarwa ana sharewa. Bayan an gama, a kashe makunni, a ja igiya sau da yawa ba fulogi don ragowar ya fito. A ƙaramin janareta irin Tiger, mai haɗa fetur da baƙin mai, kan silindar ba shi da bawul, faranti ne kawai, don haka tambayi kuɗin sabo tukuna. Zai iya fin gyaran araha.

*Notin juye baƙin mai.* GX160 kusan lita 0.6 kawai yake ɗauka. Ɗigon da ba ka damu da shi ba zai iya ƙarar da shi a cikin 'yan kwanakin ban ruwa, inji ya kama. A nan wosha ce ke hana yoyo, zare matse ta kawai yake yi. Idan sabon zaren ya karkace ko kaɗan, wosha ba za ta kwanta ba, kuma ba ɗaurin da zai hana ɗiga. Bayan gyara, zuba ɗan mai ya wanko ɓarɓashin kafin ka rufe. Injunan wannan ƙirar sukan zo da notin juyewa biyu, ɗaya a kowane gefe. Idan ɗaya ya sha gyara, ƙyale shi a rufe, ka koma amfani da ɗayan.

Cushe-cushe da gam fa?

Silin wayar wuta, leda, zaren buhu, guntun gwangwani: duk suna sa noti ya yi tauri a hannu. Amma taurin juyawa daban, matsi daban. Abin da suka ƙara gogayya ce, ba su mayar da haƙoran da za su ɗauki kilo 850 ba. Ga murfin fanka, ko don ka kai inji gida, babu laifi. Ga kan silinda, salansa, fulogi ko wani abu mai riƙe mai, araha ba ta ado: gasket zai ƙone, kuɗin ya ninka.

Gam mai haɗi biyu irin Araldite ƙarfinsa ɗan kaso ne na alminiyam, yana laushi da zafi, kuma ba ya kama wurin da mai ya jiƙa. Loctite kuwa aikinsa hana lafiyayyen zare warwarewa, ba ya gina wanda ya tafi. Cike ramin da walda a sake hudawa yana yiwuwa, amma sai gwani mai waldar argon, kuma zafin na iya murɗe wurin. A bar shi ya zama zaɓin ƙarshe.

Idan kuwa ka ga tsagi ya fita daga bakin ramin, ko an taɓa faɗaɗa shi har naman gefen ya sirance, to a nan gaskiyar mai cewa a canza ce. Babu sauran lafiyayyen ƙarfen da za a nema.

Don kada a sake

Fara kowane noti da yatsu. Idan bai yi juyi uku ko huɗu ba tare da sufana ba, akwai matsala. Fito da shi. Don gano bakin zare, juya shi baya a hankali har ka ji ɗan "ƙas", sannan ka yi gaba. Jera notuna a kan kwali yadda ka cire su, kada dogo da gajere su musanya. Ga ƙananan notuna, riƙe sufana a kusa da kanta, kada ka taɓa ƙara mata bututu.

Fulogi kuwa, littafin Honda na waɗannan injunan ya ba da ƙa'idar da ba ta buƙatar sufana mai awo: ɗaure da hannu har ya zauna, sannan ka ƙara rabin juyi idan sabo ne, ko ɗaya bisa takwas zuwa kwatan juyi idan tsoho ne, domin wosharsa ta riga ta matse. Kuma a jira inji ya huce.

Idan zare ya riga ya cinye kuma za ka kai wa makaniki, tambaye shi tun kafin ya fara: "Malam, sabon zaren a ina zai kama?" Idan ya nuna maka zurfin ramin, ko taf, ko waya, ka bar masa aikin. Idan ya fara yagar leda, ɗauki injinka ka gwada gareji na gaba.